HALIN GIDA SHI MANAJA KE ZUWA DA SHI OFIS

Duk ɗan Arewa da ya taɓa gangarowa Kurmi ta jirgin ƙasa a zamanin da reluwe ke tashe, muddin ta layin gabas ya biyo, to ya san Kafanchan. Nan ne mahaɗar jirage. Jirgin da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurɗi da Lafiya, a Kafanchan yake tsayawa a raba masa hanya, ko dai ya miƙe zuwa Kaduna, ko kuwa ya karkata zuwa Jos, daga baya ma har Bauchi da Gombe da Maiduguri, bayan an ƙare wannan layi cikin 1964. Mutanen Fantswam suna zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa, amma isowar layin dogo cikin 1927 ita ce ta mai da shi gari na kowa da kowa. Ibo da Yarbawa da Hausawa da Fulani, da Bajju da Ham da Atyap da Kagoro da Kaninkon, duk aiki ya tara su wuri guda, har Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya komo nan cikin 1933.

Akwai wata ƙa'ida a aikin reluwe wadda ta cancanci a tuna da ita. Layin gabas guda ɗaya ne tak, mai zuwa da mai komowa duk a kansa suke bi. Saboda haka direba ba shi da ikon shiga tsakanin tasha da tasha sai shugaban tasha ya danƙa masa wata alama a hannu, watau shaidar cewa an yi magana da tashar gaba, kuma babu wani jirgi bisa hanya. Ƙa'idar a rubuce take, kowane ma'aikaci ya haddace ta. Amma da ƙarfe biyun dare, ana tsuga ruwa, ba sufeto ba babban manaja, takarda ba ta iya ta da mutum daga barci ya je ya duba ko an juya layi daidai. Abin da ke ta da shi shi ne halin da ya taso da shi, da kuma sanin cewa wanda ke sama da shi ba ya ɗaukar wasa. Tsofaffi ba su manta da hatsarin Langalanga ba, cikin watan Fabrairu na 1970, a kan wannan layi tsakanin Kafanchan da Lafiya, inda rayuka masu yawa suka salwanta, har Gwamnati ta kafa hukumar bincike. A irin wannan aiki abu kaɗan ne tsakanin isa gida lafiya da makoki.

To, abin da ya kamata a yarda da shi shi ne, kowace ma'aikata doka biyu gare ta. Akwai wadda aka buga aka manna a bango, akwai kuma wadda ma'aikata ke karantawa a jikin manajansu kowace safiya. In suka saɓa wa juna, ta biyun ake bi. Manajan da ke isowa ofis ƙarfe goma ba shi da bakin tuhumar akawun da ya iso ƙarfe tara. Wanda ya tura motar ofis ta kwaso masa doya daga gona ya riga ya ba direba izinin sayar da man da ke cikinta, ko da bai furta ba. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

A dubi abin da ya sami Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1955. A shekarar 1964 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Kafin 1974 fasinja sun komo miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuwa sun sauka zuwa wajen tan miliyan 1. Gaskiya ne akwai dalilai waɗanda ba laifin manaja ba ne. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, kuɗin man fetur ya sa Gwamnati ta mai da hankali ga hanyoyin mota, tireloli suka ƙwace dakon gyaɗa da auduga da shanu. Ba wanda zai yi musun wannan. Amma cikin 1979 aka ɗauko kamfanin RITES na ƙasar Indiya aka ba shi riƙon hukumar har zuwa 1982, waɗanda suka hau jirgi a shekarun nan kuwa sun shaida an ga canji. Layin nan dai shi ne, leburorin nan su ne, direbobin nan su ne. Abin da ya sake shi ne masu duba littafin kuɗi da masu tambayar dalilin makara. Da suka tattara nasu ya nasu suka koma gida, sai aka koma gidan jiya. Gidajen ma'aikatan reluwe na Kafanchan suka tsufa ba gyara, taragu suka yi tsatsa a kan layi, masu sayar da abinci da 'yan dako da masu masaukin baƙi waɗanda suka dogara da isowar jirgi suka watse neman abinci, da yawa daga cikinsu Ikko da Fatakwal suka nufo.

Ba kuwa don an rasa doka ba ne. Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 1975. Tsarin mulki na 1979 ya zo da ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, da tilasta wa manya su bayyana dukiyarsu. Cikin 1984 aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka sa mutane bin layi, aka sa makararru tsallen kwaɗo a bakin ofis. Aka kafa ICPC cikin 2000, EFCC kuma ta fara aiki cikin 2003. Kowanne ya yi nasa amfani, amma kowanne ya nuna iyakar tsoro. Korar 1975 ma, da yake an haɗa da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba, ta koya wa waɗansu da suka rage mummunan darasi, watau aikin Gwamnati ba shi da tabbas, gara mutum ya tara abin da zai tara tun yana kan kujera. Tsoron bulala yana ƙarewa ran da mai bulalar ya tashi. Abin da ke saura shi ne hali, shi kuwa zanen dutse ne.

Sai dai a nan ne maganar ke da wuya, kuma a nan ne masu wa'azin gyaran hali suke yawan tsallakewa. Ba kowane halin kirki na gida ne ke zama halin kirki a ofis ba. Zumunci abin yabo ne, kara abin yabo ce, jin kunyar manya tarbiyya ce. Amma yawancin manajojin da suka ɓata ma'aikatunsu ba ɓarayi ba ne tun asali. Mutane ne masu kara waɗanda suka kasa cewa a'a. Kowa ya san yadda abin ke faruwa. An ba da gurbin aiki guda uku, mutum ɗari sun kawo takarda, da magariba sai ga kawun manaja ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ga ƙanenka nan zaune shekara biyu ba aikin yi. Allah ya ɗora ka a wurin nan, in ba ka share mana hawaye ba wa zai share? Ai ba a ba na dawa na gida bai ƙoshi ba." Wanda aka yi wa tarbiyya, wannan magana ta fi masa nauyi bisa ga buhun kuɗi, domin ɗan kwangila ana iya korarsa, kawu kuwa ba a korarsa.

Amsar da ta dace ba rashin kunya ba ce. Manajan kirki yana iya durƙusawa ya ce, "Kawu, abin da yake nawa naka ne. Albashina yana nan, zan biya masa kuɗin koyon sana'a, zan zauna da shi in shirya shi ya shiga jarrabawa tare da sauran. Amma gurbin nan ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni, masu ita kuwa suna da yawa." Wannan shi ne bambancin da ya kamata kowane shugaba ya riƙe: mutum yana yin zumunci da abin aljihunsa, ba ya yi da abin amana. Masallaci da coci duk sun haɗu a kan wannan, tsohuwar Gwamnatin Jihar Arewa ma da ta ɗauki taken Aiki da Ibada abin da take nufi ke nan. Mai kyauta da kayan wani ba a kiransa mai kyauta.

Kudancin Kaduna ya ga misali babba a 'yan shekarun nan. Cikin 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarnin a mallaka wa Gwamnatin Tarayya Jami'ar Nok da aka gina a Kachia, bisa ƙarar da EFCC ta shigar cewa da kuɗin jama'a aka gina ta, waɗanda ta danganta da wani tsohon daraktan kuɗi na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ba mamaki a sami mai cewa ai ko ba kome a gida aka zuba, ba a kai Ingila ko Dubai ba. Wannan tunani shi ne ciwon. Kuɗin Ma'aikatar Lafiya na maganin mai naƙuda ne, ko a Kwoi take ko a Ogbomosho. Kishin gida da aka gina bisa haƙƙin waɗansu ba ya tsayawa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

A gari irin Kafanchan son kai na manaja ba ya tsayawa ga asarar kuɗi. Wuri ne da kowa ke ƙirga kowa. In an ɗauki masinja sai an tambayi sunansa, a gane ƙabilarsa da addininsa. In an raba rumfunan kasuwa sai an lissafa nawa suka tafi nan, nawa suka tafi can. Rikicin watan Maris na 1987 a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ya tashi, kafin mako ya zagayo ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Na Zangon Kataf cikin Fabrairu na 1992 kan maganar mai da kasuwa sabon wuri ya faro, watau shawara ce ta ofis, ya sake tashi cikin Mayu ya ci rayuka masu ɗimbin yawa. Cikin 1999 aka yi na naɗin sarauta, cikin Afrilu na 2011 kuma, bayan zaɓe, babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone. Ba wanda zai ce manajoji ne suka haddasa waɗannan fitinu, tushensu ya fi haka zurfi, ya haɗa da ƙasa da sarauta da siyasa. Amma wuta ba ta kamawa sai ta sami busasshen itace, itacen kuwa a ofisoshi ake tara shi kaɗan kaɗan, duk ran da aka hana wani ƙarin girma saboda sunansa, ko aka ɓatar da fayil ɗin fanshon wani saboda ba a wuri ɗaya suke ibada ba. Wanda aka yi wa haka ba ya cewa wane ya cuce ni. Cewa yake yi su wane sun cuce mu, ya kai maganar gida, 'ya'yansa su tashi da ita.

Haka nan kuma adalcin manaja guda yana kashe wutar da ba wanda zai san an kashe. Shugabar ma'aikatan jinya da ke raba aikin dare daidai wa daida, ta saki Musulmi ranar Salla, ta saki Kirista ranar Kirsimeti, kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa, ta yi aikin sulhu ba tare da an kira taro ba. Cikin Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, watau Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma ita ma takarda ce irin ta bango, waɗanda za su ba ta rai su ne hedimasta da sakataren ƙaramar hukuma da sarkin kasuwa da mai rabon takin zamani.

Wani zai ce, to in haka ne a nemo mai gaskiya a ɗora, shi ke nan. Wannan ma bai isa ba. Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa, gwamnan farar hula na farko a Jihar Kaduna, har abokan hamayyarsa ba su cika tuhumarsa da tara dukiya ba. Ya hau cikin Oktoba na 1979 a ƙarƙashin PRP, majalisar jiha kuwa tana hannun NPN. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, shi kuma ya ƙi sassautawa, ya yi mulki ba kwamishina har suka tsige shi cikin Yuni na 1981. Har yau ana gardama, waɗansu na cewa ya yi daidai da ya tsaya kan aƙidarsa, waɗansu na cewa da ya yi haƙuri da talakawa sun fi cin moriyarsa. Ko wanne mutum ya ɗauka, darasin a fili yake: gaskiya ita ce harsashi, amma ana bukatar haƙuri da iya tafiya da mutane da sanin aikin kansa kafin gini ya tashi. Manajan da ba ya sata, amma yana wulakanta na ƙasa da shi, ko yana riƙe albashin lebura har tsakiyar wata saboda sakaci, shi ma ya ci amana ta wata fuska. Lebura mai jin yunwa kuwa ba a daɗe ba zai fara kallon ƙarfen layin dogo da idon sayarwa.

Wannan magana ba ta mutanen Kafanchan kaɗai ba ce. 'Yan Arewa mazauna Kurmi da yawansu manajoji ne ko da ba su da tebur. Sarkin Hausawa manaja ne, shugaban 'yan tumatir a Mile 12 manaja ne, haka shugaban kara, da shugaban 'yan acaɓa, da wanda ke kawo samari daga gida yana sama musu aikin gadi. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa cikin 1916, da amana ta ginu. Mai shanu ya taso daga Arewa ya sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta Yarbawa bashi, ba takarda ba lauya, maigida ne ya tsaya, in mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa. Goro kuma ya tafi Kano da Sakkwato bisa wannan sharaɗi. Jarin maigida sunansa ne, ran da aka kama shi da ha'inci sau ɗaya baƙi sun ƙaurace wa zaurensa ke nan. Da wannan suna ne aka san Bahaushe a Agege da Shagamu da Anacha, har masu gida suka riƙa ba shi makullin ƙofarsu su yi tafiya. Shugaban da ke yanke rabin albashin yaran da ya kawo gadi, ko ya karɓi kuɗin ƙungiya bai ba da rasit ba, ko ya ɓoye mai laifi don ɗan garinsu ne, sunan nan yake sayarwa, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Waɗanda suka ga rikicin kasuwar Ketu cikin 1999, da na Idi-Araba cikin 2002, da na Sasa a Badun cikin Fabrairu na 2021, sun san cewa in abu ya ɓaci ba a tambayar wane ne mai laifi, duk wanda ya yi kama da ɗan Arewa ya shiga uku.

Yanzu dama ta sake zuwa Kudancin Kaduna. Cikin 2025 aka mai da ginin nan na Kachia Jami'ar Tarayya, aka kuma amince a mai da babban asibitin Kafanchan, mai ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Tun cikin Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran layin dogo daga Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ta Kafanchan zai bi. Sababbin ma'aikatu suna nufin sababbin gurabe da kwangiloli, suna kuma nufin kawunai da yawa a ƙofar gidan shugabanni da magariba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, saboda haka ɗaukar ma'aikata ta farko ita za ta nuna irin dokar da za a bi shekara talatin masu zuwa.

Abin da ya kamata a yi ba boyayye ba ne. Kafin a naɗa mutum a tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, masinja da direba da mai shara, domin sun fi takardar shaida sanin halinsa. A riƙa buga guraben aiki a fili, a manna sakamakon jarrabawa a allo kowa ya gani, wannan ma kariya ce ga manajan kansa, ya sami abin da zai nuna wa kawu. In ɗan'uwansa yana cikin masu nema, ya faɗa, ya fita daga ɗakin har a gama. Kuɗi kada su bi ta hannun mutum guda, a sa masu sa hannu biyu, a karanta lissafi a gaban 'yan ƙungiya ko da sau ɗaya ne a shekara. Malamai da fastoci su daina ba da sahun gaba ga wanda kowa ya san albashinsa bai kai kyautarsa ba. Dangi kuma su rage wa 'ya'yansu nauyi, domin sau da yawa waɗanda suka tura mutum ya ci amana su ne na farkon gudu ran da aka zo kama shi.

Kujera aro ce. Shugabannin tasha nawa suka yi zamani a Kafanchan, da farin kaki da hula da usur, yau ba ko ɗaya a kan aiki. Waɗanda suka riƙe amana 'ya'yansu suna shiga kasuwa a ce ɗan wane ne, a ba su kujera, waɗanda suka ci kuwa ba a son ambatonsu. Allah ya ba shugabanni ikon cewa a'a a inda ya kamata, ya kuma ba dangi haƙurin ji.